Kwalba Ɗaya a Gidan Lado

Lado ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk kasuwar Treichville ba a yi mahauci mai taurin kai irinsa ba. Ni na goya shi, saboda haka ina da bakin faɗa. Mahaifinmu ya zo Abijan da shanu daga Katsina tun muna ƙanana, a nan ya rasu, ya bar wa Lado teburin nama. Ni aure ya kai ni Williamsville, can wajen Adjame, inda nake tuwon sayarwa har yau, kowa ya san tuwon Zaituna. Shi kuwa Lado ya zauna a unguwar Biafra, cikin wani gida mai ɗaki goma sha huɗu da famfo ɗaya, shi da matarsa Sailuba.

Abin da aka san Lado da shi shi ne rabon watanda. Idan salla ta zo mutanen unguwa suka haɗu suka sayi sa, ba wanda ake kira ya kasa naman sai shi. Zai tsugunna ya yi kashi talatin, kowane da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan yankin hanta, in ka ɗora su a sikeli babu wanda zai rinjayi wani. Har tumbi sai ya yanka shi gida talatin. Ni abin haushi yake ba ni, don ko ni da nake yayarsa bai taɓa ƙara mini ko ɗan kitse ba. In na yi ƙorafi sai ya yi dariya ya ce in je in kai ƙararsa wajen sarkin fawa.

A shekarar 1997 jaririnsu ya rasu yana wata takwas, bayan gudawa da ta ƙi tsayawa. Aka ce a auna jinin iyayen. Da aka auna sai aka samu ciwon nan da a lokacin ko sunansa ba a son faɗa, wato sida, ƙanjamau, a jikinsu su biyun. Ban tambayi wanda ya kawo shi ba, kuma duk wadda ta zo mini da wannan tambayar a unguwa ta koma da abin da ba ta zo nema ba.

Sailuba tana nan garau, Lado ne ya fara zubewa. Cikin wata huɗu wandonsa ya daina zama a ƙugunsa, wuƙa ma rawa take yi a hannunsa. Sai muka ji labarin wani ƙaramin asibiti a bayan kasuwa, inda ake gwajin sabon magani. Likitar wurin sunanta Dokta Akisi, 'yar ƙabilar Baule, gajeriya mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce malaman wata jami'a ne can ƙasar Turawa suka gano maganin, suna so su ga yadda zai yi wa mutanenmu. Wanda ya shiga zai sha kyauta, su kuma su riƙa ɗibar jininsa duk wata. Lado ya dangwala yatsa a takarda, aka ba shi lamba arba'in da bakwai. Sailuba kuwa aka ce ba ta cancanta ba, wai ciwon bai ci jikinta ba tukuna. Har godiya muka yi wa Allah da jin haka.

Maganin nan ya yi aiki, ba zan ɓoye gaskiya don ina fushi ba. Lado ya koma teburinsa, ya yi ƙiba har da ɗan tumbi, ya dawo da tsokanarsa.

"Yaya, ki riƙa girmama ni fa," in ji shi. "Ni ɗan iniversite ne yanzu. Jinina yana can ƙasar Turawa yana karatu."

"Ai gara jinin ya yi," na ce, "tun da mai shi ko sunansa ba ya iya rubutawa."

Shekara biyu suna ɗibar jinin nan. Wajen lokacin da sojoji suka yi juyin mulki a jajibirin Kirsimeti, gwaji ya ƙare, Turawa suka tattara takardunsu suka tafi. Aka ce waɗanda suka shiga tun farko za a ci gaba da aiko musu da kwalba ɗaya duk wata, amma ba za a ƙara ɗaukar kowa ba. To a daidai lokacin ne Sailuba ta kwanta. Zazzaɓi, ƙuraje a baki, abinci ya ƙi shiga. Yarinyar da ke daka sakwarar gida guda ita kaɗai ta koma sai an riƙe ta za ta je banɗaki.

Na ɗauki tsohuwar kwalbar Lado na shiga wani babban kantin magani a unguwar 220 Logements, na tambayi kuɗinsa. Mai kantin ya dubi kwalbar, ya dubi zanen da ke jikina, sannan ya faɗa. Kuɗin da ya faɗa zai sayi bijimi, kuma na wata ɗaya ne kawai. Na zaci ƙarya yake yi don ya kore ni, shi ya sa na wuce wajen Dokta Akisi kai tsaye.

Ta ce gaskiya ya faɗa. Wai jami'ar ta sayar wa wani kamfani izinin yin maganin, shi kaɗai a duniya, kamfanin kuwa ya sa kuɗin da ya ga dama.

"To jinin ƙanina fa da suka kwasa?"

"An gode musu a cikin takardar binciken, Tanti. Duk waɗanda suka shiga." Tanti take kirana, wato inna.

Na fito ina zagin mutanen da ban san sunansu ba, ban san garinsu ba. Babu zagin da ya kai wannan ciwo, don ba ka da inda za ka ajiye shi.

Bayan kwana uku na je Biafra da la'asar, na tarar da Lado tsugune a ƙofar ɗaki, ya wanke katakon da yake yanka nama a kai, ya juye ƙwayoyin maganinsa. Sittin ne, biyu kullum. Ya kasa su gida biyu, talatin nan talatin can, yana gyara su da tsinin wuƙa kamar yadda yake gyara kashin nama.

"Ni ɗaya ita ɗaya kullum," ya ce. "Kowa ya samu."

Wallahi daɗi na ji. Na ɗaga hannu na sa masa albarka, na ce haka ake son namiji. A iya saninmu, abin da ya yi kaɗan raba shi ake yi, haka muka tashi muka ga ana yi da tuwo, da nama, da tabarmar kwana. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai abin da rabinsa bai da amfani.

Wata biyu ana haka. Sailuba ta ɗan farfaɗo har tana zama, shi kuma tari ya dawo masa. Ranar karɓar magani na raka shi asibiti. Dokta Akisi ta sa ya hau sikeli, ta duba littafinta, ta tambaye shi ko yana shan maganinsa yadda aka ce. Kafin ya buɗe baki na riga shi, don ni bakina bai san jira ba.

"Madam Dokta, ai ƙanina adali ne. Daidai yake raba shi da matarsa, ko ƙwaya ɗaya ba ya cin ta."

Ta cire tabaraunta ta ajiye a kan tebur. Ban taɓa ganin idonta ba sai ran nan.

"Tanti, magani ba nama ba ne." Ta juya ga Lado. "Rabi ba ya kashe ƙwayar ciwon, sai dai ya koya mata yadda za ta saba da maganin. In ka ci gaba, nan da 'yan watanni ba zai yi maka aiki ba, ita ma ba zai yi mata ba. Kwalbar nan ta mutum ɗaya ce. Kuma ka ji da kyau, duk wata ina aika musu nauyinka. In suka ga kana ramewa za su bincika, in suka gane ba ka sha, za su soke lamba arba'in da bakwai, shi ke nan. Ka je ka sha abinka."

Muka koma Biafra ni da Lado. Sai da muka kai bakin layinsu ya tsaya a gindin wata bishiyar mangwaro, ya ce in saurare shi. Yana so in sayo masa fararen ƙwayoyin ciwon kai wajen matan da ke tallan magani a tire a kasuwar Adjame, masu kama da nasa. Zai zuba su a tsohuwar kwalba ya riƙa sha a gaban Sailuba. Ita kuma zai ce mata Madam Dokta ta samo mata tata kwalbar.

Na gane nufinsa, na kuwa hau shi da faɗa a tsakiyar titi, ban damu da masu wucewa ba. Na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce shi ne jinina, ita aure ne kawai ya haɗa mu, mata kuwa ba su ƙare a duniya ba. Ya bar ni na gama tas.

"Yaya, ni na sha shekara biyu, ita ba ta sha ba. In rabon gaskiya za a yi, layi ya zo kanta." Ya sunkuyar da kai. "Kuma ke ma kin san ba ita ta kawo ciwon nan gidan ba."

"In na ƙi fa?"

"Sai in hau tasin woro-woro in je Adjame da kaina. Amma na fi so ke ki sayo, kin fi ni iya ciniki."

Na sayo masa. Ina kuka na taya matar, har ta rage mini don ta zaci ciwon kan ne ya dame ni haka.

Sailuba ta karɓi kwalbarta da hannu biyu, tana ta yi wa likita addu'a. Cikin wata guda ta miƙe, bakinta ya warke, ta koma daka. Safe da yamma su zauna a ƙofar ɗaki da kofin ruwa ɗaya, kowa ya buɗe kwalbarsa ya haɗiya. Takan yi masa faɗa wai ba ya cin abinci shi ya sa nasa maganin bai kama shi ba.

Saura sikelin asibiti. Wata na farko ya ragu da kilo ɗaya, likita ta dube shi ta gefen tabarau. Kafin wata na biyu ya zo gidana a Williamsville da duwatsun sikelinsa na kasuwa, na ƙarfen nan, a cikin buhu. Ya ce in ɗinka masa ɗamara mai aljihuna da zai ɗaura a ƙarƙashin babbar riga. Mutumin da shekara ashirin bai taɓa danna sikeli da ɗan yatsa ba, ga shi zaune a kan tabarmata yana lissafin ƙarfen da zai cika naman da ya zube daga jikinsa. Na ɗinka da tsohon zanen uwarmu, don ya fi ƙwari.

Ya fara da kilo biyu. Wata mai zuwa uku. Ranar asibiti sai ya sa rigarsa ta salla, ya shafa mai a fuska, ya shiga yana gaishe da kowa da ƙarfi, sai mun fito ya zube a kan dakalin mai shayi yana haki. Kafin wata na biyar, ƙarfe kilo bakwai yake ɗauka a jikin da ya zama ƙashi da fata. Daga inda mota ta sauke mu zuwa ƙofar asibiti bai fi taku ɗari ba, amma sai da muka huta sau uku.

Ran nan ya hau sikeli, yana ƙoƙarin miƙewa sosai, sai ɗinkin ya ɓalle. Dutse ɗaya ya faɗo ƙasa da ƙara, ya mirgina har ƙarƙashin teburin likita. Na ce yau ta ƙare, mun kashe su su biyun.

Dokta Akisi ta sunkuya ta ɗauko shi, ta juya shi a hannunta.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika ce ta mutum ɗaya ce, Madam."

"Yaya jikin madam ɗinka?"

"Ta ji sauƙi. Jiya har wanki ta yi."

Sannan ta durƙusa ta ajiye dutsen a kan sikelin, kusa da ƙafarsa, ta duba inda allurar ta tsaya, ta rubuta a littafinta. Ta ɗauko kwalba ta miƙa masa.

"Yako, Lado," ta ce, wato sannu da yarensu. "Na rubuta wa mutanen can wasiƙa uku a kan marasa lafiyana, ba su ba ni amsa ba. Muddin kana iya hawa wannan sikelin zan rubuta abin da ya nuna. Ranar da ba ka zo ba, ba ni da abin rubutawa."

Daga nan Lado ya daina rayuwa don komai sai don ranar asibiti. Zai tambaye ni saura kwana nawa, in faɗa masa, ya ce to zai kai. Ya ƙara zuwa sau biyu. Na ƙarshen ni da direban mota muka ɗaga shi muka tsayar a kan sikelin, ina riƙe da shi ta baya. Bayan kwana goma sha ɗaya ya cika, da hantsi, ana yayyafi. Mahautan Treichville suka rufe teburansu suka kai shi maƙabartar Williamsville.

Sailuba ta shiga takaba da kumatunta cike, matan gida suna ta gulmar wai mijinta ya ƙare ita tana ƙiba. Ina zuwa kullum in zauna da ita. Wata Talata da rana tana tsince shinkafa sai ta ɗago kai.

"Yaya, gobe ne ranar asibiti. Wa zai karɓo mini kwalbata yanzu?"

Na yi ta juya maganar a bakina na rasa ta inda zan fara, ƙarshe dai na faɗa mata duka, tun daga gindin mangwaro. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar Lado, ta zazzage ƙwaya ɗaya ta ɗora a harshenta.

"Wannan ai na ciwon kai ne." Ta dube ni. "Ke kika sayo masa?"

"Ni ce."

"Kullum ina zaune ina yi masa faɗa ya ci abinci." Ta ajiye kwalbar. "Me ya sa ba ku tambaye ni ba, Yaya? Raina ne fa kuka yi shawara a kai."

"Da mun tambaye ki me za ki ce?"

"Da na ce ya ci gaba da rabawa, mu tafi tare."

Na rungume ta, ta bari, amma jikinta a sandare yake.

Da ta fita takaba na ɗauke ta zuwa gidana. Tun tana cikin takabar mahauta suka yi karo-karo, na sayar da teburin Lado, duk abin da aka tara ya sayi kwalba ɗaya, ta sha ta ƙare. Daga nan muka koma kallo. Na ga ciwon ya dawo ta hanyar da ya bi da farko, baki, zazzaɓi, rama. Yarinyar nan da na ce aure kawai ya haɗa mu, ni na riƙa yi mata wanka, ina ba ta koko da cokali, kuma ban san lokacin da ta zama tawa ba. Ta rasu kwana kaɗan bayan babbar salla ta shekarar 2001. Na yi kukan da ko na Lado bai kai shi ba, don tare da ita na binne wahalarsa duka.

Bayan kamar sati shida, ina tuƙa tuwon rana, sai ga mace da tabarau tana tsallake kwata tana tambayar gidan Zaituna. Dokta Akisi ce. Ta fara zuwa Biafra, aka kwatanta mata nan. Tana murmushi, abin da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta buɗe jakarta ta fito da kwalba.

"Tanti, ina madam Lado? An samu hanya. Ɗaliban jami'ar can sun tayar da hankali, jami'ar da kamfanin sun yarda a karya kuɗin maganin a ƙasashenmu. Yanzu zan iya sa ta a layi. Sunanta na fara rubutawa."

Na ci gaba da tuƙa tuwona. Na ce mata ta makara da sati shida.

Ta nemi turmi ta zauna, kwalbar a cinyarta. Tukunya tana ta tafasa. Da na sauke, na goge hannu na karɓi kwalbar na duba. Irin ta Lado ce sak, har launin murfin.

"Madam Dokta, me aka canza a cikinsa da ya yi araha? An rage masa ƙarfi ne?"

"Ba a canza komai ba. Shi ne dai."

"To me aka yi?"

"Hannu aka sa a takarda."

"Tun yaushe suke da ikon sa hannun nan?"

Ta cire tabarau ta share ido da bayan hannu.

"Tun ranar farko, Tanti."

Na mayar mata da kwalbar na ce ta kai wa na biyu a layin, kada ta makara a kansa shi ma. Masu sayen tuwo sun fara taruwa a ƙofa da kwanukansu, na tashi na fara zuba musu.